Yadda Na Zama Shaihin Ɗinki a Jarwal

Tun da keken ɗinki ya shigo gidan nan ban huta ba. Wata a cikinku, ba zan kama suna ba tunda 'yar fari ce, ta san kanta, jiya ta tsaya a kaina ina haɗa fallen hema, ta ce abin da nake yi a kwana uku ita kafin shayi ya huce ta gama shi. Ƙawayenta suka yi ta dariya. To ku ajiye keken nan ku zauna, wata kuma ta janye mini autan nan daga bakin matakala kafin ya gangara, in ba ku labarin yadda basilla ta hana a jefa wata mai surutu cikin bahar.

Shekarata tara aka kai ni wurin Gwaggo Tasalla a nan Jarwal, cikin Makka. Ba gwaggona ba ce ta jini, a hanyar zuwa suka haɗu da iyayena. Ita ke ɗinka wa muɗawwifai, masu kula da maniyyata, hemomin da ake kafa wa alhazai a Mina da Arfa. Kayan aikinta duka ba su cika ƙaramar kwalla ba: basilla uku a cikin guntun kara, curin kakin zuma, gawayin zana layi, wata fata mai ɗan ƙarfe a tsakiya da ake ɗaurawa a tafin hannu don tura basilla, sai almakashi da take ratayawa a wuya kamar laya. Shekara guda cur ba abin da na yi sai goga wa zare kaki. Da na yi ƙorafi, ta ce ai zaren ma bai gama sanina ba.

Doka biyu ta dasa mini da duka. Ta farko, fallen hema ya kwanta sumul, kada ya yi tumbi ko kaɗan. Takan ce hemar da ta yi tumbi ruwa take tarawa, in kuma iska ta shige ta sai ta kwashe ta ta kai Muzdalifa tun alhazan ba su yi niyya ba. Ta biyu, kada ki yanke abin da za ki iya ninkewa. Sai da na shekara huɗu a gabanta kafin ta bar ni na taɓa almakashin nan, ranar ma tana tsaye a kaina kamar zan yi wa ɗanta kaciya.

Masu kawo mana aiki halinsu ɗaya ne. Muɗawwifi zai bar hemominsa wata goma sha ɗaya a ɗaki ɓeraye suna walima, sai saura mako biyu a hau Arfa ya turo su a bayan jakuna, yana rantsuwa da Ka'aba cewa bara sababbi ya ajiye su. Gwaggo ta zura hannu a rami har gwiwa, ta ce, "Gaskiya ne, ya Shaihi, ramin ma sabo ne."

A haka muke har shekarar da yaƙin Turawa ya tsananta, jirage suka daina kawo alhazai. Waɗanda suka zo a shekarar ba su kai a buɗe rabin ɗakunan hemomi ba. Babanku a lokacin aikinsa ɗaukar tsofaffi a ɗan gadon nan da ake yin ɗawafi da su, to babu tsofaffin. Ya zauna ya zauna, har ya gaji. Ran nan ya dawo ya ce ya yi magana da wani mai sambuk, jirgin katakon nan mai tafiya da iska. In wata ya mutu za mu ƙetara Sudan mu yi aikin auduga. Ni kuwa sau ɗaya na taɓa ƙetara bahar, ina da shekara shida. Iska ta ɗauke mana kwana da kwanaki a tsakiya, ruwan sha ya ƙare, ƙanena ya rasu, aka naɗe shi a zane aka saka shi cikin ruwa. Ga ni yanzu da jaririya wata biyar a baya, ga nono yana ja da baya. Na roƙe shi, ya ce in na samo abin da za mu ci a Makka, ya fasa. Ya faɗa ne don ya san babu.

Kwana uku bayan haka sai ga Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, ya sauko daga motar Jidda da wani ƙunshi a ka kamar gawar ɗan maraƙi. Shi aikinsa a bakin ruwa yake, yana kula wa wasu Turawa kwale-kwalensu. Suna da ƙungiya, shi nadi yake ce mata. Da ya fara ba mu labarinsu, Gwaggo sai da ta riƙe ciki. Kwale-kwale bakwai ne da su, kowanne bai fi ɗaukar mutum uku ba, amma suna da shugaba mai hula ta musamman, Kawu yana ce masa Amirul Bahar. Duk mako sai su taru da yamma, a kaɗa ƙararrawa, su fita da gudu su zagayo wata ganga da aka ɗaure a cikin ruwa, su dawo daidai inda suka tashi. Ba kifi, ba lu'ulu'u, ba fasinja. Wanda ya riga dawowa a rubuta sunansa a takarda a manna a jikin allo. Sau ɗaya a shekara kuma a yi babban tsere, a ba wanda ya ci kofin azurfa. Na tambaya me ake zubawa a kofin, ya ce ba komai, baɗi ma sai ka mayar da shi. Gwaggo ta ce wannan ai cuta ce, a yi musu rubutu su sha.

Kowa a cikinsu Kawu ya raɗa masa suna. Akwai Mai Lofe, likita ne, shi ke cinye tsere kullum, lofensa ba ya mutuwa ko ruwa ya watsu. Akwai Uwar Malafa, matar wani ma'aikacin banki. Mijin ke riƙe da akalar jirgi amma ita ke tuƙi da baki, har masunta a nesa sun haddace sunansa. Sai mai ƙunshin nan, Jan Wuya, magatakarda a ofishin jiragen ruwa, mutum mai son tsere kamar ransa, bai kuma taɓa wuce na biyar ba.

Abin da ke cikin ƙunshin zanen jirginsa ne, wanda ake kafawa a jikin itace iska ta tura. Larabawan Jidda shira'i suke ce masa. Ya yage kamu ɗaya da rabi. Da can in zane ya lalace sabo suke aikowa da shi daga ƙasarsu, yanzu yaƙi ya tare hanya. Maɗinkan sambuk na Jidda kuwa da zare kamar igiyar guga suke aiki, Turawan suka ga ɗinkin suka yi tsaki. Sai Kawu ya ce musu ai akwai wani tsoho a Makka, Shaihin maɗinka, gemunsa har cibiya, sarakuna yake yi wa aiki, ba ya kuma fita daga gari. Ya san ba za su iya wuce iyakar Harami su zo su gani ba. Shaihin nan mai gemu ni ce, ina zaune da ƙyallen fitsari a cinya.

Kawu ya ce, "Yagar nan kawai za ki ɗinke, 'yata. Kin ji? Yagar kawai."

Na ce na ji.

Yini ɗaya na gama yagar, ɗinki mai kyau, sai kin kawo ido kusa za ki gane wurin. Da na shimfiɗa zanen a soro don in naɗe, sai ya ƙi kwanciya. Na ja nan, can ya tashi. Na ɗora duwatsu a kusurwa uku, tsakiya ta kumbura. Na kira Gwaggo. A lokacin idonta ya yi rauni, da hannu take gani. Ta rarrafa a kai tana shafawa, ta miƙe ta ce wannan zane ai ya kusa haihuwa. Ta ce duk Baturen da ya haɗa shi a buge yake, dubi yadda haɗin fallen ya yi faɗi a baki ya tsuke a tsakiya, ko yarinyar da ta yi wata uku a gabanta ba za ta yi wannan abin kunya ba. Ta ce in aka ce daga hannunmu ya fito da wannan tumbi, sunanmu ya ɓaci har Madina.

Na tuna maganar Kawu, amma na ce a raina in na gyara musu abin da ba su ma san ya lalace ba, ai aiki ya zauna. Na farke haɗi tara. Na zana layi miƙaƙƙe da gawayi, na ƙara shigar da kowane falle cikin ɗan'uwansa a tsakiya, na ɗinke. Kwana huɗu ina yi, yarinya tana kuka ina jijjiga ta da gwiwa. Da na gama, zane ya kwanta kamar dardumar liman. Gwaggo ta shafa ta sa mini albarka. Muka aika da shi ta hannun direba, muna jiran yabo.

Bayan mako Kawu ya dawo da ƙunshin, ko sallama bai gama ba ya dire shi a tsakar gida. Ya ce an kaɗa ƙararrawa, jirage shida suka tafi, na Jan Wuya ya tsaya kamar jakin da ya ga gada. Iska tana busawa, zane yana nan a miƙe kamar ƙofa. Har sauran suka zagayo ganga suka dawo shi bai kai rabi ba, Uwar Malafa ta wuce shi tana tambaya ko a aiko masa da abincin dare. A ƙarshe wani masunci ne ya jawo shi da igiya. Aka rubuta a allo cewa ya iso lafiya, 'yan'uwa suna murna. Wuyan nan nasa, in ji Kawu, ya tashi daga ja ya koma kalar gauta.

"Me kika yi wa zanen mutane?"

Na ce gyara shi na yi, tumbi ne da shi.

Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya zauna a kan turmi. "Tumbin ai shi ne jirgin, 'yar nan. Shi ne jirgin gaba ɗaya."

Ya ce ya riga ya yi wa Baturen ƙarya cewa Shaihi zazzaɓi ya kwantar da shi, wani sakaran almajirinsa ne ya yi aikin, an kuma yi masa bulala. An ba shi kwana goma sha biyu, kafin tseren kofi. In zane bai dawo yadda yake ba, aikin ɗinki ya tafi, nasa aikin ma ya bi shi. Na lissafa, ranar tseren saura kwana biyu wata ya mutu. Babanku kuwa sai ya ɗauko buhun tafiya ya fara duba inda ya huje, ya miƙo mini in ɗinke.

Matsalar ita ce ban san abin da zan mayar ba. Shekara goma sha ɗaya ana koya mini kashe tumbi, ba wanda ya taɓa koya mini yin sa. Na tambayi Kawu zurfinsa nawa, a ina yake farawa, ya yi ta zana iska da hannu, yana cewa kamar haka, sai kuma haka. Mutum ne da ya san jirgi amma ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba.

Washegari da la'asar na sa shi da babanku suka hau da zanen kan tudun bayan gidanmu, inda iska ke bugowa. Suka ɗaure gefe ɗaya a jikin itace, suka ja kusurwar da ta rage. Na tsaya ina kallo. Iska tana zuwa ta doki zanen ta zame ta wuce, kamar an watsa ruwa a faranti. Ana cikin haka yarinyar ta fara zillo a bayana, ta kusa suɓucewa, saboda da sauri na goya ta, na ja zanen ya yi tsam ko'ina. Na duƙa na kwance, na sassauta tsakiya yadda mazaunanta za su sami wurin zama, na ɗaure bakin sama da na ƙasa. Ta lafe. Hannuna yana kan ƙullin na ɗaga kai na dubi zanen Jan Wuya. Na ce wa Kawu su sauko da shi, na gane. Ya ce me na gane. Na ce iskar ce ba ta da wurin zama.

Ganewa daban, aiki daban. Abin da ya cece ni dokar Gwaggo ta biyu ce. Ko tsinke ban yanke daga zanen nan ba, ninkewa kawai na yi. Da na farke ɗinkina, sai ga tsohon haɗin a fili: inda rana da gishiri suka ci ya yi ruwan ƙasa, inda ya shekara a ɓoye cikin haɗi yana nan fari tas. Iyakar launi biyun ita ce layin mai aikin farko, ga kuma ramukan allurarsa a jere kamar sawun tururuwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Nan na gane ba a buge yake ba. Kowane haɗi da nasa lissafin, na ƙasa ya fi tsukewa, na sama kaɗan ne, zurfin kuma ba a tsakiya sosai yake ba, ya ɗan karkata wajen itacen. Na gaya wa Gwaggo, ta shafa ta shafa, ta ce to, ashe kafirin shi ma ya zauna a gaban wata ya koya.

Saura haɗi biyu in gama sai na lura bakin zanen na baya, wanda ba a ɗaure shi da komai, ya saki saboda tsufa. Na tambayi Kawu ko yana kaɗawa in ana tafiya. Ya ce tun da ya san jirgin yake kaɗawa kamar kunnen akuya, amma in ina son zaman lafiya kada in taɓa. Na ce to. Da ya fita sallah na zauna ina kallon bakin nan. Duk macen da ta taɓa goyo ta san in bakin zane ya saki, yaro baya yake yi. Amma duk macen da ta taɓa jin maganar Gwaggo ta farke haɗi tara ita ma ta san abin da karambani ke jawowa. Na dubi buhun tafiya a jingine a bango. Na ɗauki basilla, na tsuke ƙarshen haɗi huɗu, kowanne faɗin ƙwayar shinkafa biyu. Ban gaya wa kowa ba. Aka tafi da zane.

Ranar da wata zai mutu, babanku ya riga ya ɗaure kaya, tabarma da tukunya ne kawai a waje. Da hantsi muka ji jaki a ƙofar gida. Kawu ne, da ƙunshi uku.

Na ce, "Ya ci?"

Ya ce, "Wa? Jan Wuya? Ke ma dai. Na biyu ya zo."

Ya ce da ma zai iya cin kofin, har ya sha gaban Mai Lofe a wajen ganga, sai murna ta kama shi ya cire hula yana ɗaga wa Uwar Malafa, igiya ta kuɓuce masa. Amma mutumin da bai taɓa wuce na biyar ba, da ya sauka sai da ya rungumi Kawu a gaban jama'a. Abin da ya fi ba su mamaki, kunnen akuyar nan ya yi shiru. Suka taru a gindin zanen suna leƙe, Amirul Bahar da kansa ya sa tabarau, ya ce lallai tsohon nan ya san teku. Ƙunshi ukun zannuwan wasu ne, sauran suna tafe. Kawu ya harare ni ya ce ya san na taɓa bakin nan. Na ce Shaihi ne ya taɓa, ya je ya tambaye shi.

Babanku ya tsaya ya dubi ƙunsunan, ya shiga ɗaki ya kwance buhu. Da yamma ya aika wa mai sambuk ya ba wani gurbinmu.

Sai Kawu ya zaro wani abu daga hammata, a naɗe cikin takarda. Kyauta ce daga ƙungiya, an yi shawara a zaune an amince. Ƙyallen rawani ne, fari, mai laushi, kamu goma sha biyu, don Shaihi ya naɗa ranar Juma'a. Gwaggo ta ce a naɗa mini mu gani. Ni kuwa na auna shi da ido, na ninka shi huɗu, na bi bakinsa da ɗinki. Majanyina ya riga ya mutu, ga sabo Allah ya kawo.

Shekara goma sha uku ina yi musu ɗinki, alhazai suka dawo ban daina ba. Duk labarin nadi a tsakar gidan nan ake jin sa: ranar da Amirul Bahar ya hau kan dutsen ruwa da hularsa, shekarar da Uwar Malafa ta karɓi akala da kanta ta cinye kofin, mijin yana kwarfar ruwa. Har yau ban taɓa ganin kwale-kwalen nan da idona ba, ba na kuma so. Da sababbin zannuwa suka fara zuwa musu daga ƙasarsu, aiki ya ja baya, wani Bature sabon zuwa kuma ya matsa wa Kawu sai ya kawo masa hoton Shaihi. Kawu ya ga ƙaryar ta tsufa, ya je ya ce Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Suka sassauto da tutarsu rabi, suka tsaya shiru a bakin ruwa, huluna a hannu. Ya ce Jan Wuya har da share ido. Ni a lokacin ina nan ina tuƙa tuwo, ban ma ji a jikina ba.

To ga yadi nan, ga keke. Wadda ta ce kafin shayi ya huce, ta haɗa mini falle biyu su yi wurin zaman iska, faɗi a baki, tsuke a tsakiya, ba tare da ta yanke ko tsinke ba. In ta kasa, ta zo ta karɓi kakin zuma ta fara daga inda na fara. Kafin nan ta miƙo mini majanyin can da ke kan igiya, yaron nan barci yake ji. Ta riƙe shi da ladabi. Rawanin marigayi ne, ita ce kuma ta fara yi masa fitsari.